Kujerar Mutum Ɗaya

Wanda ya bi titin Sakkwato zuwa Jega, ya ratsa Tambuwal da rani, ba zai yarda akwai maganar jirgin ruwa a ƙasar nan ba. Abin da zai gani jar ƙasa ce, da karan gero a tattare, da rumfunan masu shayi a bakin kwalta. In ya san sunan garin, to ko dai ta tarihin Buhari ɗan Shehu ne, ko ta siyasar Aminu Waziri. Amma a sauka daga kwalta a yi kudu wajen Kebbe, sai ƙasa ta fara gangara zuwa fadamar Gulbin Zamfara, wanda ya biyo ta Gummi yana neman Jega. Da rani akwai inda yaro zai naɗe wando ya tsallake shi. Daga Yuli zuwa Satumba kuwa sai ya cika ya batse, ya raba mutane da gonakinsu, ya raba ƙauye da kasuwa da asibiti. A waɗannan watanni duk mai ƙetarewa yana hannun Allah, sannan yana hannun mai fito.

Kawunmu, yayan mahaifiyarmu, mai fito ne a wani ƙauye na ƙasar Kebbe. Ya ba wa sittin baya. Kwale-kwalensa na katako ne, mutum takwas yake ɗauka, in da kaya shida. An san shi da abu guda a bakin gulbin: ba ya ƙara mutum na tara. Ko dagaci ne, ko mai kuka, ko mai ninka kuɗin fito, sai ya jira sawu na biyu. Samari suna ce masa mai taurin kai, amma mata in za su ƙetare da goyo, jirginsa suke jira ko da akwai wani a kusa.

Shekarun nan ƙafarsa ta hagu ta fara yi masa gardama. Mai fito yana zama ne a ƙarshen jirgi, kan wani katako da aka gicciye, faɗinsa bai fi tafin hannu biyu ba. Nan zai yini da filafili a hannu, daga hantsi har magariba. Jikin ɗan Adam kuwa, in ya zauna a kan abu mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe, kusan duk nauyinsa yana sauka ne a kan ƙasusuwa biyu na mazaunai, bakin katakon kuma yana danne bayan cinya inda jijiyoyi suka bi. Saurayi mai tsoka ba zai ji ba. Dattijon da nama ya janye daga jikinsa, sa'a guda ta isa ƙafa ta mutu. Kawu ya gwada naɗe buhu, ya zame. Ya gwada soson katifa, ya sha ruwa ya koma kamar jiƙaƙƙen tsumma. Ya yanke ƙafafun farar kujerar roba ya ɗora, ta yi tsawo, ta kuma tsage cikin mako biyu. Da muka je gaishe shi da ƙaramar salla sai ya ce, “Ƙafar ga ta bar jin magana. Bana in Allah ya kai mu, sai dai yara su amsa.”

Maganar ta tsaya mana a rai, domin mun san abin da “yara su amsa” ke nufi. A watan Afrilun 2022 jirgi ya kife da mutanen Gidan Magana a ƙaramar hukumar Shagari, mutum 29 suka rasu, yawancinsu matasa. A Satumban 2024 wani ya kife a Gummi, maƙwabtanmu, da manoman da ke ƙetarewa zuwa gona, aka yi asarar rayuka masu yawa. Kusan duk lokacin da aka bi ba'asin irin wannan, sai an ji maganar lodi fiye da kima da rashin rigar ruwa. Mai fiton da zai iya kallon idon babban mutum ya ce masa jirgi ya cika, ba a rana ɗaya ake samun sa ba. Yaro ɗan shekara sha bakwai ba zai iya ba, ko ya iya tuƙi.

Mu dai ba mu gaji ruwa ba. A Tambuwal muka tashi, muka yi digiri a kimiyyar kwamfuta, yau shekara goma ke nan muna rubuta manhaja. Aikinmu shi ne gina abu don mutanen da ba mu taɓa gani ba. A taron ofis muna da wani mutum da muke kira “mai amfani”. Ba shi da fuska, ba shi da gari, ba ya ciwon baya. An tara dubban mutane ne an raba, abin da ya fito a tsakiya shi muke yi wa ɗinki. Akwai labarin da masu tsara kaya suka sani game da wannan mutum. A farkon shekarun 1950 rundunar sojan sama ta Amurka ta auna jikin matuƙa jirgi 4,063, don ta san matsakaicin matuƙi ta ƙera masa wurin zama. Wani matashin jami'i mai suna Gilbert Daniels ya ɗauki awo goma, kamar tsawo da faɗin ƙirji da tsawon hannu, ya duba mutum nawa ne suka faɗa tsaka-tsaki a dukkansu. Bai samu ko ɗaya ba. Kujerar da aka yi wa matsakaicin mutum, ashe ba wanda ta yi wa daidai. Wannan na cikin abin da ya sa rundunar ta koma ga kujerar matuƙi da ake iya matsarwa, irin wadda ke cikin kowace mota yau.

Wata hanyar kuma ta girmi wannan nesa ba kusa ba. Mutanen Inuwit, mazauna ƙasashen ƙanƙara na arewacin duniya, su suka ƙago ƙaramin jirgin da ake kira kayak. Na mutum ɗaya ne, da fatar dabbar ruwa a kan ƙashi ko itace, kuma da jikin mai shi ake auna shi: tsawon jirgin kamar gaba uku na mafaraucin, faɗinsa ƙugunsa da ɗan ƙari. Masu wasan kayak na yau, waɗanda nasu na roba ne ko na faiba, sun riƙe wani abu daga wannan al'ada. Wanda zai yini a ruwa yakan zauna a kan abu mai laushi ya bar gurbin zamansa, sannan a zuba kujera a kan wannan gurbi. Da muka karanta yadda ake yi sai muka ga babu abin da ya fi ƙarfin ƙauyen Kawu a ciki, in ban da faiban kansa. Yumɓu kuwa, ga fadama.

Wahalar farko ba ta kayan aiki ba ce. Ta yaya ɗa zai dubi kawunsa ya ce, zo ka zauna a kan laka mu ɗauki siffar mazaunanka? Mun kwana biyu muna juya maganar a baki, ba ta fito ba. Inna ce ta raba gardama. Ta same shi bayan la'asar, muna daga bakin ƙofa, ta ce, “Yaya, ko likita in za shi yi ma allura, ai sai ka kwance mazagi. Wanga ma magani na.” Ya yi shiru har muka fid da rai, sannan ya kafa sharaɗi uku. Da dare za a yi, a zaure, ƙofa a rufe. Da suturarsa zai zauna. Kuma duk abin da ya fito da kamarsa, ban da kujerar kanta, a fasa shi a gabansa in an gama. Muka ce mun ji, Kawu.

Kafin a taɓa laka mun yini guda a jirginsa da littafi da abin awo, kamar yadda muke zama da mai ba da aiki kafin mu rubuta layi ɗaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abu uku ya nanata. Na farko tsawo: “Kar ta ɗara katakon ga ko da yatsa guda. Jirgi ba ya son mutum bisa.” Abin da muka karanta a kimiyya ke nan, da kalmomin bakin gulbi. Duk lokacin da nauyi ya hau sama, jirgi yakan ƙara rawa, kamar motar da aka yi wa lodin kara har ya fi ta tsawo. Masu tseren kayak sukan ɗaga kujera da santimita ɗaya ko biyu don ƙarfin tuƙi, suna sane da cewa sun sayar da kwanciyar jirgin ne. Na biyu, majingina kada ta wuce ƙugu, domin da gangar jiki ake tuƙi, hannu riƙo kawai yake yi, kuma in an zo tudu dole ya miƙe tsaye da gora ba tare da wani abu ya harɗe shi ba. Na uku shi ya fi ba mu mamaki. Ba ya son taushi. “Da zama aka jin ruwa,” in ji shi. Motsin igiyar ruwa yana bi ta katako ya shiga ƙugunsa kafin ido ya gani, soso mai kauri kuwa toshe masa wannan kunne yake yi. Abin da yake bukata shi ne tauri wanda ya bi jikinsa, nauyi ya bazu a ko'ina maimakon ƙashi biyu.

Wata dattijuwa mai ginin tukwane a unguwar ita ta kwaɓa mana yumɓu. Ba mu gaya mata na mene ne ba, ba ta tambaya ba, sai dai murmushin da ta yi ya nuna labari ya riga mu isa. Ta ce kada ya yi ruwa kamar na yaɓe, kada ya yi tauri kamar na gindin randa, a tsaya inda in ka danna yatsa gurbin zai zauna bai rufe ba. Muka zuba a akwatin katako, kaurin taƙi guda, muka rufe da leda. Muka ajiye bulo a daidai nisan da ƙafarsa ke tokarewa a jirgi. Kawu ya shigo da filafilinsa, bai dubi kowa ba, ya yi bisimilla ya zauna. Nan ne sirrin aikin yake. In mutum ya zauna cik kamar mai ɗaukar hoto, kujerar za ta kama shi kamar tarko. Dole ya yi motsin da yake yi a ruwa, laka ta buɗa wa wannan motsi hanya. Sai ga dattijo a zaure, a hasken fitilar waya, yana tuƙa jirgin da babu, dama da hagu, kusan minti goma. Ba mu yi dariya ba. Da ya tashi ya leƙa gurbin, ya ce, “Ashe karkace nike zama.” Gaskiya ne, ɓangaren hagu ya fi zurfi da kusan yatsa guda. Shekara arba'in na tuƙi ta gefe ɗaya ce ta rubuta kanta a laka. Jiki magayi.

A daren muka dama POP, farar hodar nan da ake silin da ita, muka zuba a gurbin, muka nutsa zaren buhu a ciki don ƙarfi. Cikin rabin sa'a ta yi ɗumi ta daskare. Da safe muka ɗago ta, muka kai ɗakin ajiya a lulluɓe, ta yi kwana uku tana bushewa. Muka bi ta da samfefa, muka share sawun naɗin leda da na ɗinkin wando, muka shafe ta da fenti, sannan kakin goge mota har sau biyar, kowane shafi sai ya bushe an goge. Kakin nan shi ke hana kujera manne wa abin zubinta har abada.

Faiba dai sunan da masu gyaran bambar mota da tankin ruwa suka san shi da shi ke nan. Gilashi ne aka ja shi ya zama zare siriri kamar gashi, aka yayyanka aka danne ya zama farar tabarma. Shi kaɗai ba ya tsayuwa. Abokin aikinsa wani ruwa ne mai kauri kamar zuma, rezin, wanda in aka ɗiga masa maganin daskarewa sai ya zama kamar ƙaho. Rezin shi kaɗai yana tsagewa, zaren shi kaɗai yana lanƙwashewa, haɗuwarsu ce ƙarfi, kamar dai laka da ciyawa a tubali. A Amurka aka fara sarrafa zaren a shekarun 1930, kamfanin Owens-Corning ya kafu a 1938, kuma a 1942 wani mai suna Ray Greene ya ƙera jirgin ruwa da shi a jihar Ohayo. Namu daga Kano aka sako mana shi a motar haya, kuɗinsa duka bai kai abin da muke kashewa a data na wata biyu ba.

Rezin ba ya jira, kuma zafi yana ƙara masa gaggawa. A bazarar Sakkwato, inda rana kan haura digiri 40, abin da takardar gwangwani ta ce zai ba ka minti ashirin yana iya kamewa kafin goma. Saboda haka bayan sallar asuba muka yi aikin, a ƙarƙashin dalbejiya, inda iska ke kwashe warin, domin warin nan yana sa jiri a rufaffen ɗaki. Maganin daskarewa kashi ɗaya cikin ɗari muka sa, wato mililita 10 a kilo guda, da sirinji muke aunawa, kuma rubu'in kilo muke damawa a lokaci guda. In aka dama da yawa aka bari a kwano, da kansa yake ɗaukar zafi har ya yi hayaƙi. Maganin nan kuma ba a wasa da shi kusa da ido, sai da tabarau da safar hannu. Shafin farko rezin ne zalla mai launin toka-toka, don baƙar kujera a rana gasa mutum za ta yi. Da ya fara danƙo muka ɗora tabarmar, muna daddanna ta da kan buroshi. Farar tabarma in ta sha sai ta koma garau kamar takardar da mai ya taɓa, duk inda fari ya rage iska ce ta maƙale, kuma nan ne zai fara tsagewa wata rana. Hawa huɗu muka yi, muka ƙara biyu a inda ƙusoshi za su shiga. Washegari muka sa 'yan itatuwa a gefe muka ɓanɓare, ta fito da ƙara kamar an fasa goriba. Yankan baki da gogewa shi ne azabar aikin. Wanda ya taɓa sussukar dawa ya san ƙaiƙayi, to ƙurar faiba yayarsa ce, kuma ba a shaƙar ta, sai da ƙyalle a hanci da ruwa a kan samfefa. A ƙarshe muka huda ƙananan ramuka biyu a inda ya fi zurfi, irin na kujerar tsohuwar tarakta, don ruwa ya tsiyaye.

Akwai abin da ya kamata duk mai sha'awar faiba ya sani. Katako in ya faɗa ruwa yana tasowa. Faiba nutsewa yake yi, domin ya fi ruwa nauyi da kusan rabi. Shi ya sa muka ɗaure rufaffiyar jarka a ƙarƙashin kujerar, muka ƙi farin soson nan na kwalin firji, wanda rezin ke narkarwa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, da ma'aikatar da ke samanta suna ta kira a bar jiragen katako a koma na faiba, kuma akwai hujja: ba ya ruɓewa, ba ya bukatar toshiya da tsumma da kwalta kowace shekara, ga manyan itatuwa irin su maɗaci da kawo sun yi wuya. Amma jirgin katako in ya cika da ruwa sau da yawa yakan tsaya a saman ruwa, mutane su rirriƙe shi. Na faiba in ba a gina masa rufaffun aljihunan iska ko soso a ciki ba, ƙasa zai tafi ya bar su. Duk shugaban ƙaramar hukuma ko ɗan majalisar da zai saya wa mutanensa, wannan ce tambayar da zai fara yi wa mai sayarwa.

Mun sauke katakon giccin da yatsa biyu, muka ɗaure kujerar a kansa da ƙusoshi huɗu masu noti. Kawu ya zauna, ya motsa dama, ya motsa hagu, ya tura jirgin. Ya je tsallake ya dawo bai ce komai ba. Da ya fito ya taka ƙasa sai ya tsaya yana kallon ƙafarsa, ya ce, “Tana nan.” Ya yi daminar nan gaba ɗaya a ruwa. Ba mu ce ya warke ba. Likita a Sakkwato ya ce ƙashin bayansa ya sha aiki, magani da hutu yake so, kuma har yanzu akwai daren da ciwon ke hana shi barci. Kujera ba ta sauya katakon jirgin da ya tsufa ba, ba ta kuma sama wa fasinjoji rigar ruwa ba, sai guda huɗun da muka iya saya. Abin da ta yi shi ne ta ƙara wa ƙauye damina guda, wataƙila biyu ko uku, da mutumin da ba ya ɗaukar na tara. Kuma a wannan damina akwai yaro ɗan ƙanensa a gaban jirgin kullum, yana kallon yadda ake cewa a'a.

Sharaɗi na uku mun cika shi a ranar. Muka fito da farin abin zubin, aikin kwana biyar, Kawu ya sa taɓarya ya farfasa shi, aka tattara aka binne a bayan gida. Sai da gabanmu ya faɗi. A sana'armu ba a jefar da asali. Komai muka rubuta muna ajiye shi a wuri uku, kuma darajar abu a wurinmu ita ce a iya kwafarsa sau miliyan ba tare da ƙarin kuɗi ba. Ga shi mun yi abin da ba shi da na biyu, an kuma fasa hanyar yin na biyun. Amma ba a jima ba wani mai fito, dogo siriri, ya roƙi Kawu ya ɗan gwada kujerar. Bai kai tsakiyar gulbi ba ya juyo, ya ce kamar takalmin aro, tana tura shi hagu. Ko da mun ajiye abin zubin, ba wanda zai yi wa amfani.

Tun daga nan, in aka ce “mai amfani” a taron ofis, mukan tambaya wanne daga ciki. Mai wayar da fuskarta ta tsage? Wanda hannunsa ke jiƙe? Wanda ajami ya iya, boko sai da ƙyar? Ba za mu iya yi wa kowa nasa zubin ba, manhaja ba ta yiwuwa haka. Amma muna iya barin wurin matsarwa, kamar kujerar mota, kuma muna iya tashi mu je mu yini a jirgin mutum kafin mu yanke masa hukunci.

Yanzu masu fito uku sun aiko a yi musu. Mun yi odar rezin kilo shida, sai bayan girbi in ruwa ya janye, kafin ƙurar hunturu ta sauko ta ɓata shafi. Mai tukwane ta ce yumɓu ba ya ƙarewa a fadama. Biyu daga cikinsu sun yarda da zaman laka. Na ukun, wanda ya girmi Kawu da shekara biyu, har yanzu yana cewa a auna shi da igiya kawai, shi ba yaro ba ne. Kawu ya ce mu bar shi da shi, ranar kasuwa zai same shi ya yi masa maganar likita da allura.